Fulag ko Takul: Ina Yaro Zai Fi Koyon Cafe Ƙwallon Amurka?

Mun fito daga sallar Juma'a ke nan, ina laluben takalmina, sai wani abokina mutumin Maraɗi da muke zaune gari ɗaya a nan Greensboro, jihar North Carolina, ya riƙo hannun rigata. "Malam, don Allah ka raba ni da yaron nan. Ya hana ni sakat, wai shi ƙwallon Amurka zai yi, kuma wai shi ne zai riƙa cafewa. Ga takarda biyu ya kawo mini daga makaranta, ɗaya ta masu hular kwano, ɗaya ta masu ɗaura ƙyalle a ƙugu. Wacce zan sa wa hannu?" Shekarar yaron 9. Na ce, "Alhaji, wannan ba amsar ƙofar masallaci ba ce, bari in je in zauna." Na san kuma ba shi kaɗai ke fama da tambayar ba, domin duk inda namu suka zauna a ƙasar nan, daga Bronx zuwa Houston, yaran da aka haifa a nan ƙwallon nan mai siffar gwanda suke so, mu iyaye kuwa ƙwallon ƙafa muka sani.

Ni ma ban taɓa buga wasan ba. Gola na yi a unguwarmu lokacin ƙuruciya. Ɗana ne ya ja ni, na wayi gari ina koci na sa-kai a ƙungiyoyin yara har kaka shida, uku a takul, na masu hular kwano, uku a fulag, na masu ƙyalle. Abin da idona ya gani a wajen koyar da mai cafewa shi zan faɗa.

Mai cafewar nan risiba ake ce masa. Shi ne yake tsayawa can gefen fili, nesa da cinkoson ƙattin tsakiya. Da an tashi wasa sai ya sheƙa ta wata hanya da aka tsara masa tun farko, ya kuɓuce wa mai gadinsa, majefi, wato kwatabak, ya wurgo masa ƙwallo, ya cafe ya ƙara gaba. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace sana'o'i biyar ne aka ɗaure wuri ɗaya: tsayuwa da tashi, kuɓucewa daga mai gadi, shan kwana, cafewa da riƙewa, sai kuma tare wa abokin wasa hanya idan ba kai aka ba ƙwallo ba. Tambayar Alhaji ke nan idan aka fede ta: a cikin gidajen nan biyu, wanne ne ya fi koyar da waɗannan biyar ga yaro ɗan shekara 7 zuwa 12?

Takul shi ne wasan da ake gani a talabijin, mutum 11 da 11, da hular kwano da sulken kafaɗa, kuma sai an kai mai ƙwallo ƙasa wasa yake tsayawa. Filin yadi 100 ne, ban da gidajen ci biyu, inda ake kai ƙwallo a ci maki, masu yadi 10 kowanne, faɗinsa yadi 53 da ɗoriya. Ƙungiyar yara da ta fi suna a nan ita ce Pop Warner, wadda aka kafa a Philadelphia a 1929. Fulag kuwa ba kayarwa. Kowane yaro yana ɗaura bel mai ƙyallaye a ƙugu, wanda ya fizge ƙyallen mai ƙwallo ya tsayar da wasa. A tsarin NFL FLAG, na NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, wanda shi ne tsarin da ya fi yaɗuwa, mutum 5 da 5 ne a ƙaramin fili, ba tarewa da jiki, majefi yana da daƙiƙa 7 ya saki ƙwallo, mai kawo masa farmaki daga yadi 7 yake tasowa, kuma idan aka zo yadi 5 kafin tsakiyar fili ko kafin gidan ci, doka ta hana gudu da ƙwallo, dole a jefa.

Wannan doka ta ƙarshe ita ce mafarin duk bambancin.

Sau nawa ƙwallo za ta taɓa hannunsa?

Koci a takul na yara yana son ya ci wasa, kamar kowa. Ya kuma san yaro ɗan shekara 9 da ƙatti ke tahowa kansa ba zai iya jefa ƙwallo daidai ba, masu kare shi ma ba za su iya riƙe masa daƙiƙa uku ba. Saboda haka sai ya zaɓi abin da ba ya ɓaci: a miƙa wa yaron da ya fi kowa gudu, a tare masa hanya, ya tsere. Tsare-tsaren da suka fi tashe a wannan mataki duk na gudu ne, a cunkushe yara a tsakiya a tura. Akwai ranar da na zauna da biro na ƙirga a wasan ƙungiyarmu: sau 4 muka jefa ƙwallo daga farko har ƙarshe, sau 1 aka cafe. Yaron da muke kira risiba ya wuni a gefe cikin sulke, rana tana dukansa, uwarsa tana ɗaukar bidiyonsa yana tsaye. Ban ga laifin babban kocinmu ba, mun ci wasan. Amma yaron bai koyi cafewa ba ranar, haka ma makon da ya biyo.

A fulag abin ya juye. Mutum biyar ne, kuma ban da majefi kowa yana iya karɓar jifa, har wanda yake miƙo ƙwallo daga ƙasa a farkon wasa. Majefi ba shi da izinin ya ruga da ƙwallo kai tsaye. Ko koci ba ya son jifa, doka za ta sa shi. Yaro zai yi gudun hanya kusan kowane tashi, za a jefo masa sau da dama, zai zubar, zai cafe, zai sake zubarwa. A atisaye ma haka ne: yara 8 ko 10 ne a ƙungiya, ba 25 ba, kuma ba a cinye rabin lokaci wajen koyar da kayarwa da tarewa, don babu su.

Hannu kuwa maimaici yake so. Jerry Rice, wanda ya bar tarihin cafewa 1,549 da yadi 22,895 a NFL, ɗan magini ne a Crawford ta jihar Mississippi, yana yaro shi da 'yan'uwansa suke cafe bulo suna miƙa wa mahaifinsu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake wurga wa magini tubali yana kan katanga a garuruwanmu ya san aikin: ido a kan abin, hannu a sake, a karɓe shi da taushi don kada ya fashe. Wanda ya yi haka sau dubu ya fi wanda aka yi wa bayani sau dubu. Idan lissafin taɓa ƙwallo ne kaɗai, fulag ya yi wa takul fintinkau, babu ma abin gardama.

Hannu

Abin da ake koyarwa ɗaya ne a gida biyun. Ƙwallo ta zo daga ƙugu zuwa sama, a haɗa manyan yatsu biyu da manuniya biyu su bar taga a tsakiya, hancin ƙwallo ya shiga tagar. Ta zo ƙasa da ƙugu, ko ta biyo ta saman kafaɗa yaro yana gudu, ƙananan yatsu ne suke haɗuwa, tafin hannu yana kallon sama. A miƙa hannu a tarbe ta nesa da jiki, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ido ya raka ta har ta shiga hammata. Yawancin ƙwallon da yara ke zubarwa ba don hannu ba ne, idon ne ya riga ya tafi neman hanyar gudu kafin ƙwallo ta iso. Ni nakan rubuta lambobi a kan hancin ƙwallo da alli, in ce yaro ya faɗi lambar da ƙarfi bayan ya cafe.

A nan sai in ba takul haƙƙinsa, domin akwai abin da ya fi fulag da shi wanda mutane ba su cika lura ba. Yaro mai tsoron ƙwallo yana son ya rungume ta da ƙirji, irin kamun da ni na saba a gola. A fulag wannan ɗabi'a tana wucewa salin-alin, don riga ce mai laushi, ƙwallo ta faɗa ciki ta zauna, iyaye su yi tafi. A takul sulken kafaɗa roba ce mai tauri, ƙwallo na dukanta za ta yi tsalle ta bar shi. Sulken da kansa yake hukunta mai kamun ƙirji, ba sai koci ya yi magana ba. Ga kuma hular kwano: ƙarafan fuska suna rage gani, nauyinta yana canza yadda yaro yake waiwaye, sulke kuma yana hana hannu miƙewa sama sosai. Yaron da ya ƙware a fulag, ranar da ya fara sa kayan nan sai ka ga kamar ba shi ba. Sai dai abin da na gani shi ne makonni kaɗan yake ɗauka ya saba. Wanda bai iya cafewa ba kuwa, sabo da hula ba zai ba shi hannu ba.

Don haka kocin fulag nagari shi ne wanda ba ya yarda da kamun ƙirji ko da an ci da shi. Idan ka ji yana cewa "da hannu, sake yi" bayan yaro ya cafe, ka samu koci.

Wata annoba da ta shafi gida biyun ita ce cafewa da hannu ɗaya. Tun da Odell Beckham Jr. ya yi wannan kamu nasa da baya-baya a wasan New York Giants da Dallas Cowboys a Nuwamban 2014, kowane yaro yana son a gan shi ya miƙa hannu ɗaya. Safar hannu mai danƙo da ake sayarwa tana ƙara ruɗarsu. Ni a atisayena ba a sa safa sai ranar wasa.

Ƙafa, tsayuwa da kwana

Wannan shi ne wurin da nake ɓata mafi yawan lokaci, kuma shi ne iyaye ba sa gani. Risiba yana tsayawa ƙafa ɗaya gaba, galibi wadda ta fi kusa da ƙwallo, nauyin jiki a kanta, gwiwa a lanƙwashe, ƙirji ya ɗan rusuna, ido a kan ƙwallo ba kunne a kan ihun majefi ba. Da ƙwallo ta motsa, ƙafar baya ce take fara tafiya gaba. Kusan duk yaro sabon shiga sai ya fara ja da ƙafa baya kafin ya tashi, wannan shi muke kira takun banza, kuma shi kaɗai ya isa ya ba mai gadi rabin yadi kyauta.

Sai shan kwana. Hanyoyin risiba suna da lambobi a tsarin da koci Don Coryell ya yaɗa daga San Diego: 9 miƙewa ɗoɗar, 8 karkata zuwa tsakiyar gidan ci, 7 karkata zuwa kusurwa, 2 yanka ciki bayan taku uku. Yaro ɗan shekara 9 ba ya buƙatar duka. Huɗu sun ishe shi: miƙewa, yanka ciki, yanka waje, da tsayawa a juyo bayan yadi 5. Abin da ake nema shi ne duk su yi kama da juna a takun farko, mai gadi ya kasa gane inda aka dosa. In an zo kwana, yaro ya sauke ƙugu, ƙirji a saman gwiwa, hannaye na ci gaba da kaɗawa, ya dasa ƙafa ya yanke. Nakan ce musu kwanar ɗan acaɓa nake so, ba kwanar tirela ba. Ba su san acaɓa ba sai da na nuna musu a waya, amma tun daga ranar kalmar ta zauna, har yaran Turawa da na baƙaƙen Amurka suna tsokanar juna da "tirela".

A wannan fanni ma fulag ne a gaba, saboda yaro yana yin hanyar a gaban mai gadi na gaske sau da yawa a kowane wasa, yana koyon abin da ba a iya koyarwa da mazubin roba da aka jera a ƙasa: yaushe mai gadi ya juya ƙugu, ina ne fili ya buɗe, yaushe za ka komo wa ƙwallo maimakon ka tsaya jiranta. Ƙarancin fili ma alheri ne, domin ba wurin da za ka tsere da gudu kawai, sai ka iya kwana.

Haɗarinsa shi ne fulag yana saurin komawa wasan unguwa. Idan koci malalaci ne, sai ya ce kowa ya ruga ya nemi fili, majefi ya yi ta zagaye har wani ya kuɓuta. Ana cin wasa da haka a ƙananan shekaru, amma yaro zai fito bai san yadi 5 daga yadi 8 ba. Kocin takul, ko da bai cika jifa ba, yawanci ya fi tsanani a kan tsayuwa, jeri da bin tsari, don a can kuskuren mutum ɗaya yana jawo wa wani duka.

Abin da fulag ba zai taɓa koya masa ba

Guda uku ne, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko, kuɓucewa daga mai gadin da ya sa maka hannu. A takul mai gadi yana iya tsayawa a hancinka ya bangaje ka tun a layin tashi, sai ka iya kaɗe hannunsa, ka rage kafaɗa, ka wuce. A fulag haramun ne ya taɓa ka. Na biyu, riƙon ƙwallo. A dokar NFL FLAG in ƙwallo ta faɗi ƙasa wasa ya mutu a wurin, ba a wawaso, ba a kuma fizge ta daga hannun mai ita. Shi ya sa za ka ga yaran fulag suna gudu da ƙwallo a hannu ɗaya kamar mai tallan burodi. Ranar da suka shiga takul, a karon farko za a raba su da ita. Gyaran yana da sauƙi in koci ya damu: hancin ƙwallo a tafin hannu, jikinta a damtse, a manne ta sama a ƙirji, kowace cafewa, ko a atisaye.

Na uku shi ne tarewa, kuma shi ne babba. Risiba a sakandare zai yi tarewa fiye da cafewa. Dole ya iya tunkarar mai gadi, ya rage gudu, ya buɗe ƙafa, ya sa hannu a ƙirjinsa ya hana shi isa ga mai ƙwallo ba tare da ya riƙe riga ba. Kocin sakandare da yawa suna da magana ɗaya: wanda bai tare ba, ba a jefa masa. Hines Ward na Pittsburgh Steelers ya cafe ƙwallo 1,000 cif, ya zama gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, a Fabrairun 2006, amma har yau da tarewa aka fi tuna shi. Fulag ba shi da ko ƙamshin wannan.

Akwai na huɗu da ba a koyarwa da baki, wato ka miƙa hannu ka cafe alhali ka san wani na tahowa zai make ka. Masu goyon bayan takul suna cewa in yaro bai saba da karo yana ƙarami ba, lokacin da kowa bai da nauyi, zai sha wuya ya fara a shekara 14 da yara suka zama samari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, na ga yaran da suka zo daga fulag suka kasa jure karon, suka bari. Na kuma ga waɗanda suka fara takul a shekara 7, aka make su sau ɗaya da kyau, suka tsani wasan har abada, ko suka koyi rufe ido in ƙwallo na zuwa, ɗabi'ar da ta fi kowace wuyar cirewa.

Maganar kai

Ba zan yi dogon wa'azi ba, lambobin sun isa. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta fitar da bincike a 2021 a kan yara 'yan shekara 6 zuwa 14, inda aka sa musu na'urar auna bugu a robar kare haƙora. Yaran takul sun sha bugun kai ninki 15 na yaran fulag a kowane wasa ko atisaye. A kaka guda, matsakaicin yaron takul ya sha 378, na fulag 8. Hular kwano tana hana ƙoƙon kai fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki.

Masu takul ba su naɗe hannu ba. Pop Warner ta rage yawan karo a atisaye tun 2012, ta soke bugun buɗe wasa a ƙananan rukunoni a 2016, don a nan ne yara ke karo da cikakken gudu. USA Football, hukumar wasan ta ƙasa, tana horar da koci a kan kayarwa da kafaɗa, kai a gefe. Gardamar ta kai har majalisa: a farkon 2024 an tattauna ƙudurin hana takul ga 'yan ƙasa da shekara 12 a California, Gwamna Gavin Newsom ya ce ba zai sa hannu ba, maganar ta mutu. Fulag ma ba lafiya lau ba ne, yara biyu suna iya gwara kai suna bin ƙwallo ɗaya ba hula, yatsu suna targaɗewa, shi ya sa ake hana wando mai aljihu. Amma tazarar 378 da 8 ba ƙarama ba ce, kuma risiba yana cikin masu shan karon da ba su gani ba, don idonsa yana sama.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne jinkiri ba ya rufe ƙofa. Jerry Rice sai a sakandare ya fara wasan. Tom Brady ma a shekararsa ta farko a sakandare ya fara takul. Drew Brees fulag ya yi kafin sakandare, daga baya ya kafa gasar fulag ta yara da kansa. Na san waɗannan ba kowa ba ne, biyu daga cikinsu ma majefa ne, amma sun isa shaida cewa ɗan shekara 9 bai makara da komai ba.

Lokaci, kuɗi, da Islamiyya

Takul yana cin gida. A farkon Agusta ake fara atisaye, cikin zafin da ke sa yaro ya jiƙe sharkaf a cikin sulke, yamma uku ko huɗu a mako, wasa ranar Asabar, wani lokaci a wani gari. Ga mai tuƙin tasi ko mai aikin dare a sito, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma Asabar ɗin ita ce ranar Islamiyya a yawancin masallatanmu. Fulag sau ɗaya ko biyu ne a mako, wasu ma atisaye da wasa rana ɗaya suke haɗawa, kuɗin rajista ya fi sauƙi, kayan kuma takalmi ne da robar haƙora. Sai dai ƙarancin atisayen nan yana nufin wani kaso na koyarwar ya dawo kanka a gida.

Mai 'ya mace kuwa zaɓinsa ya fi sauƙi. Fulag na 'yan mata ya zama wasan makarantun sakandare a hukumance a jihohi irin su Florida, Georgia, New York da California, kuma a Oktoban 2023 kwamitin Olamfik ya amince a buga fulag, maza da mata, a gasar Los Angeles ta 2028.

Za ka kuma ji ana maganar bakwai-da-bakwai, wasan jifa zalla da ake yi a bazara, ba ƙattin tsakiya, majefi yana da kamar daƙiƙa 4. Yana da amfani ga ɗan shekara 13 zuwa sama da ya riga ya shiga ƙungiyar makaranta. Ga ƙaramin yaro, yawanci tafiye-tafiye ne da kuɗin otal da riguna masu walƙiya. A bar shi tukuna.

To, wacce takardar?

Idan yaro bai kai 12 ba kuma cafewa ce burinsa, fulag. Ya yi kaka uku ko huɗu yana tara hannu da ƙafa, sannan ya shiga takul a makarantar tsakiya, aji 7 ko 8, ya samu shekara ɗaya ko biyu na koyon tarewa, karo da hula kafin sakandare. Abubuwan da takul ya fi su ana koyonsu da wuri in jiki ya yi ƙwari. Hannu da kwana su ne masu cin shekaru.

Zan canza shawara a hali biyu. In yaron ƙato ne mai son turereniya, wanda kowa ya gan shi ya san a tsakiya zai ƙare, fulag zai gundure shi, kuma batun risiba ma bai taso ba. In kuma ya kai 12 ko 13 bai taɓa sa hula ba kuma yana son ƙungiyar sakandare, lokaci ya yi, kada a ƙara ja.

Kafin ka biya ko sisi, je ka kalli atisaye ɗaya, gani ya kori ji. Ƙirga ƙwallaye: in yara 12 sun yi layi ɗaya suna jiran ƙwallo ɗaya, juya ka tafi. Duba girmanta: 'yan 6 zuwa 9 ƙaramar nan ce irin Wilson K2, 'yan 9 zuwa 12 TDJ, 'yan 12 zuwa 14 TDY. Na taɓa ganin kocin da ke jefa wa 'yan shekara 8 ƙwallon manya, yana mamakin me ya sa suke rungumewa. Saurari abin da yake faɗa in yaro ya zubar: "ka kama mana!" ba koyarwa ba ce, "ina idonka yake?" ita ce koyarwa. A takul ka tambaye shi kai tsaye sau nawa yake jifa a wasa, da abin da yake yi in yaro ya ce kansa na juyawa. In ya yi dariya a tambaya ta biyu, ka gama da shi. Kocin takul mai ware minti 15 kullum don risibobi ya fi kocin fulag mai cewa kowa ya ruga, wannan kam ba na musu.

Alhaji takardar fulag ya sa wa hannu. Na ba shi aro ƙwallo ɗaya da ƙwallayen tanis uku, na ce kullum bayan la'asar jifa 50 a filin ajiye motoci na gidansu: 10 sama, 10 ƙasa, 10 dama, 10 hagu, 10 ta saman kafaɗa, ranar ruwan sama kuma yaro ya yi da tanis a bango. Makon jiya na bi ta wajen na same su. Alhaji yana jifa kamar mai kaɗo mangwaro, ƙwallo tana tafe tana tangal-tangal, yaron yana ta ƙorafi wai Baba bai iya ba. Na ce ya bar shi haka, majefin da za a haɗa shi da shi ranar Asabar ma shekararsa 9.